Jan Zaren Majo Na Allah

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, goma sha biyar ga watan Yuni na shekarar 2010, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Na Allah Mai Nasara a gidansa da ke Tasawa, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar matarsa Uwa da 'ya'ya da jikoki. Mutanen ƙasar Tasawa da Mayahi ba su san shi da wani suna ba sai Majo, domin shi ne babban ma'aikacin jinya da ya riƙe gidan likitan Urafane shekaru masu yawa, daga baya Maijirgi, kafin ya aje aiki ya dawo gida.

Ni da nake wannan rubutu sunana Halima, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko. 'Yar kawunsa ce ni, taubashiyarsa, kuma tun muna yara ban taɓa faɗa masa magana mai daɗi a gaban mutane ba. Shi ma bai taɓa raga mini ba. Yau na zauna zan yabe shi, ga shi ba ya nan balle ya yi mini dariya.

Majo, dillalin awaki nake ce maka, ka tuna. Dalili kuwa ba ka iya gaisawa da yaro ba tare da ka ɗaga masa leɓe ba, kamar yadda ake yi wa akuya a kasuwa kafin a taya. A gidan suna, a bakin masallaci, a tashar mota, in dai yaro ya matso kusa da kai, sai ka tsuguna, ka juya fuskarsa wajen rana, ka ce, "Yi mini dariya mu gani." Na sha jin kunyarka a gidajen mutane. Na sha gaya maka cewa wata rana wata uwa za ta kwaɗa maka muciya.

Sai da na yi shekaru ina kallonka kana duba 'yan ajina kafin na gane abin da kake nema. Na ɗauka ramin haƙori kake dubawa. Ka ce mini rami kowa yana ganinsa, yaron da kansa ya riga ya gano shi da harshe, kuma in rami ya fito an riga an makara. Kai abin da ke zuwa kafin rami kake nema: wani siririn farin layi kamar an zana da alli, can sama inda haƙori ya haɗu da dasashi. Kana duba ko dasashin yana jini in an taɓa, ko bakin ya bushe babu yawu, ko yana wari. Daga nan ka koma kan uwa da tambaya. Me yaro yake kwana da shi a baki? Yana tsotsar zaƙi tsakanin abinci da abinci? Ya yi ƙyanda ko zawo bana? Ƙarshe sai ka ce mata, "Ke ma buɗe." Nan ne mata suke rufe baki da mayafi suna dariya. Amma ka san abin da kake yi, tunda uwa ce ke tauna abinci ta sa wa ɗanta, abin da ke bakinta kuwa shi zai gada. In ka gama, ka san wanda za a bari ya tafi wasa, ka san wanda sai an sa masa ido.

Amsar da ka fi tsana ita ce, "Ai haƙorin nono ne, Majo, faɗuwa za shi yi." Ba ka ɗaga murya. Sai dai jijiyar goshinka ta tashi, ka ce yaron da bakinsa ke ciwo ba ya cin abinci, yaron da ba ya ci a ƙasarmu kuwa ba ya jiran haƙori na biyu.

Ban manta da Cha'ibu mai alewa ba, wanda ke zama a ƙofar lakwal ɗinmu. Ni da nake da zafin kai na so a kore shi. Kai kuwa ka zauna kusa da farantinsa kwana da kwanaki kuna hira, har ya yarda ya riƙa kawo gyaɗa da safe, alewa sai lokacin tashi, in yara za su je su ci tuwo su kurkure baki. Shekaru bayan haka, da samari suka fara kafa fada suna dafa shayi daga safe har yamma, kai da furfurarka kana zuwa ka zauna cikinsu. Kana shan kofin farko, ka ƙi na ƙarshe mai sukari kamar zuma, ka raba musu asuwakin da kake ɗaurowa a bayan moto, babur ɗinka, ka leƙa bakin duk wanda ya yarda. Suna yi maka shaƙiyanci, suna kuma zuwa nemanka a ɓoye in haƙori ya fara tsami da ruwan sanyi.

Duk wannan mutane sun sani, sun kuma faɗe shi a zaman makoki. Abin da na zauna rubutawa wani ne, wanda ni da Uwa kaɗai muka san nauyinsa a zuciyarka.

Shekarar tamanin da huɗu ruwa ya ƙi. Gero ya ƙone tun yana gwiwa, shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanya, mutanen arewa suka gangaro da abin da ya rage musu. Sojoji ke mulki a lokacin, kuma umarni ya zo a kafa sansani a gefen Urafane, a riƙa dama wa yara kunu da madarar gari da mai da sukari na taimako. Aka ce mu malamai mu je mu taimaka da rabo. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin. Abin da ya fi tsaya mini shi ne shirun, yara masu yawa haka amma ba mai wasa, ba mai kuka sosai. Daga baya na gane dalilin rabin shirun. Iyaye mata sun koyi ƙulle ɗan sukari a tsumma su sa wa yaro a baki, ya yi ta tsotsa har barci ya ɗauke shi, ya kwana da shi, ya wuni da shi. Ba wanda zai ga laifinsu. Nono ya ƙafe, cikin yaro ba komai, tsumman nan kaɗai ke sa ya daina kallon uwarsa.

Kai ka ga abin da tsumman ke yi. Ka ga fararen layuka suna fitowa a bakin yaran da ba su kai yaye ba, ka ga dasashi yana kumbura, ga ƙyanda ta shigo sansanin. Kuma ka san abin da ke biyo bayan waɗannan in sun haɗu da yunwa, ciwon nan da ke farawa daga dasashi ya ci kunci ya fito waje cikin 'yan kwanaki. Na tambaye ka, "To za ka ƙwace musu tsumman ne?" Ka ce ba ka da zuciyar yin haka ga kowa da kowa. Abin da za ka iya shi ne ka ware waɗanda suka fi kusa da haɗari, ka riƙa ganinsu a kai a kai. Yara sun yi yawa, suna kama da juna saboda rama, iyaye suna canza wurin kwana kullum. Sai ka sayo ƙullin jan zare a kasuwa. Duk yaron da ka ga alamun sun taru a bakinsa, ka ɗaura masa a wuyan hannu, don ka hango shi daga nesa, masu rabo kuma su ƙara masa kunu. Ni na yaba dabarar a raina, ko da yake a fili cewa na yi dillali ya fara yi wa awakinsa shaida.

A cikin masu jan zare akwai Hawa, ɗiyar wani makiyayi mai suna Namadi da ya gangaro daga wajen Issawane ba ko saniya ɗaya. Ba ta wuce shekara uku ba. Ta tashi daga ƙyanda, bakinta a bushe, haƙoranta na sama duk sun yi layi, ga wani ɗan baƙin tabo a dasashi ta gefen hagu. Ina tsaye lokacin da ka gani, na ga hannunka ya tsaya. Ka yi mata allura, ka ba uwarta Halimatu ƙwayoyi na 'yan kwanaki, ka nuna mata yadda za ta naɗe tsumma mai tsabta a yatsa ta goge bakin da ruwan gishiri safe da yamma. Ka ce tsumman sukari kada ya sake kwana a bakinta. Ka ɗaura zaren, ka ce, "Jibi ki maido mini ita, ko ana ruwan wuta."

Abin da ba mu sani ba shi ne maganar da ke yawo a bayan bukkoki. An ga kamyo, manyan motocin sojoji, suna wucewa, ana ta cewa za a kwashe mutane a mai da su inda suka fito. Wani ya haɗa wannan da wancan, ya ce jan zaren nan shaidar gwamnati ce, yaran da aka ɗaura wa su za a raba da iyayensu a kai su birni. Ga makiyayi kuwa maganar ta zauna daidai, domin shi ya san ba a yi wa dabba shaida sai in ta zama ta wani. Ba wanda ya zo ya tambaye ka. Ranar da Hawa za ta dawo, muka tarar da wurin kwanansu ba kowa, sai duwatsun murhu da toka. Wasu iyalan ma sun tafi, amma su an same su a ƙauyukan kusa, ka bi su ka yi musu bayani, suka dawo. Namadi ne ba a ga ko sawunsa ba.

Ka ɗauki moto ka yi arewa. Ka je Issawane, ka bi rijiyoyi da mashekaran makiyaya da aka watse, ka dawo da leɓe a fashe, mai ya ƙare maka ka turo moton da ƙafa. Daga ranar ba ka sake ɗaura wa wani yaro zare ba. Ka koma riƙe fuskoki da ka, kana zagaya sansanin har ƙafafunka suka kumbura.

Na yi maka faɗa a kan wannan ba sau ɗaya ba. Na ce yara nawa zaren ya ceta, ka tsaya kan guda? Na ce ba kai ka ƙirƙiro jita-jitar ba. Ka ce duk ka sani. Ka ce, "Halima, na san bakin yaran nan ciki da waje, amma ban tsaya na tambayi uban Hawa mi ja ke nufi a wurinshi ba. Tambaya guda ce ta rage mini."

Shekaru suka yi ta wucewa, aka yi damuna mai kyau, aka noma wurin da sansanin yake, har da gefen da muka binne yara. Amma yunwar ba ta bar ka ba, domin ta sake fitowa a inda kai kaɗai ke dubawa. Yaran da suka rayu, da suka fara fidda haƙoran girma, sai ga wani tsagi a kwance a jikin haƙorin, inda ƙarfinsa ya kasa ginuwa a shekarar da ba abinci. Kana ɗaga leɓen yaro a ajina ka ce, "Wannan ɗan tamanin da huɗu ne," ba tare da ka tambayi shekarunsa ba, kuma ba ka kuskure. Ka ce irin waɗannan haƙoran su suka fi saurin ruɓewa, a sa musu ido har su girma. Kai dai kowace safiya kana sake ganin sansanin nan a bakin yaran mutane.

Kuma kana nemanta. Duk ranar kasuwa kana bi ta wajen masu sai da nono. In ka ga yarinya da ta kai shekarun da Hawa za ta kai, sai ka sayi nonon da ba ka sha, ka dubi kuncinta na hagu, ka tambayi sunan babanta. Da shekaru suka ja, ka koma tambayar 'yan mata, daga baya matan aure masu goyo. Uwa ta gaji da zubar da nono, ta koma ba maƙwabta. Ni kuwa ina yi maka tsiya cewa tsufa ya zo maka da son 'yan matan Fulani. Kana murmushi kawai. Na san tsoronka biyu ne, ko ta mutu a daji cikin kwanakin nan, ko tana raye da rabin fuska tana ɓuya daga mutane, kuma ba ka san wanne ya fi maka ciwo ba.

Bana ga shi an sake. Damunar bara ta gaza, rumbuna sun ƙare tun kafin zafi, sojoji sun sake hawa mulki, mutanen arewa suna gangarowa ta hanyoyin da iyayensu suka bi. Kana kwance da ciwo lokacin da labarin wuraren rabon abinci ya iso. Na zo duba ka, na ce tashi malalaci, awakinka sun dawo. Ka yi ƙoƙarin dariya. Sai ka kama hannuna ka ce in na je wajen rabo in duba ko har yanzu ana sa wa yara tsumma. Sannan ka ce, "Da tana nan, da yanzu ita ma tana da nata ɗan." Maganarmu ta ƙarshe ke nan, ba ka kuma ambaci sunanta ba, don ka san na sani.

Ranar sadakar uku muna zaune cikin gida da Uwa da mata masu gaisuwa, sai ga wata baƙuwa ta yi sallama. Doguwa ce, ramammiya, da yaro a hannu, ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Ba ta san gidan makoki ta shigo ba sai da ta ga tabarmi. Ta tsaya a tsakar gida ta ce daga Urafane take, amalanken jaki ya kawo ta rabin hanya. Tsofaffin kasuwa ne suka kwatanta mata gidan.

"Ina neman likita mai duba bakin yara," in ji ta. "Mai jan zare."

Uwa ta dube ni. Na ce, "Ɗiyata, wa ya gaya miki zancen zare?"

Ta sa hannu a wuya ta ciro wata tsohuwar laya, ta warware bakin fatar da ya riga ya saki. A ciki akwai guntun zare da ya koɗe, ya koma kalar ƙasa. Ta ce babanta ne ya yanke shi da wuƙa a kan hanya ya jefar, innarta ta koma da baya kamar za ta kama ruwa, ta tsince shi cikin rairayi. Sun wuce Issawane, daga baya suka juya suka tsallaka Najeriya wajen dangi, can ta girma. Ta ce innarta ta ba ta ƙwayoyin har suka ƙare, ta yi ta goge mata baki da ruwan gishiri a ɓoye, ta kuma jure kukanta ba tare da ta mai da tsumman ba. Kafin ta rasu ta ce mata, duk ranar da ta ga fari a haƙorin ɗanta, ta nemi mutumin nan.

Na tambaye ta sunan babanta. Ta ce Namadi. Sannan ta sauke mayafin. A gefen bakinta na hagu akwai tabo, leɓen ya ɗan janye sama, bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Iyakar abin da ciwon ya ci ke nan, Majo. Fuskarta tana nan, kyakkyawa ce ma.

Uwa ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da kai. Hawa ta tsaya tana kallonmu, sai ta gane, ta durƙusa inda take. Na ji haushinka a lokacin, wallahi na ji. Shekara ashirin da wani abu kana jira, ka kasa ƙara kwana uku.

Yaron sunansa Bube. Ban san lokacin da na jawo shi ba. Na juya fuskarsa wajen rana, na ce ya yi mini dariya, na ɗaga leɓen. Layin yana nan a haƙoran sama, fari kamar alli, amma babu rami, dasashin kuma lafiya lau. Na ji bakina yana yi wa uwarsa tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya, har da "ke ma buɗe". Uwa ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani abu da ta tarar a aljihun rigarka lokacin da take haɗa kayanka. Ragowar ƙullin zaren ne. Ashe tun ranar kana ɗauke da shi, kana sauya masa aljihu, ko ita ba ta sani ba. Kafin in taɓa hannun yaron sai da na tambayi Hawa ko ta yarda, na kuma gaya mata abin da zaren ke nufi, kowa yana ji. Ita ta miƙo mini hannun nasa. Washegari na raka su gidan likita da kaina.

Tun daga ranar ba na iya wuce yaro a hanya. Jiya a kasuwa na tsinci kaina tsugune gaban ɗiyar mai tumatir, uwar tana harara ta. In moto ya tsaya a ƙofar gida da hantsi, sai in ɗaga kai in shirya baƙar maganar da zan gaya maka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Uwa, wadda ta raba wannan jiran da kai ba ta taɓa ƙorafi a waje ba, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan aikinka na Urafane da Maijirgi da Tasawa, da duk wanda yake tauna tuwo yau da haƙorin da ka tsare masa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya jiƙan Namadi da Halimatu, da yaran da muka bari a gefen sansani waɗanda ba mu riƙe sunayensu ba. Allah Ya saukar mana da ruwa mai albarka, Ya raba 'ya'yanmu da tsumman sukari.

Ya Allah, Kai ne Mai isar da abin da bawa ya kasa isarwa. Ka sanar da bawanKa Na Allah cewa Hawa ɗiyar Namadi tana raye, ta kuma dawo kamar yadda ya ce a maido ta. Amin.